Jakar Habboba da Saidalaniyar Jidda

To, ku matso, sau ɗaya zan faɗa. Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba a wajen Hajja Kaltume. Da na ɗaga kofi sai wani ya dafa ni: "Haruna, ya Jidda? Da gaske ne an kai tsohuwa asibiti an dawo da ita ko allura ɗaya ba a yi mata ba?" Jiya har direban lorin garin Simsim ya taka birki a tsakiyar titi yana tambayata. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in sha shayina. Amma ina gaya muku tun yanzu, ni da na je ɗin ma ban gama gane abin da ya faru ba.

Ga wanda bai san mu ba, Habboba kakata ce, uwar babana. Sunanta Asabe, amma ba mai kiranta haka sai ni, in ina marmarin zagi. Ni ne mijinta na wasa tun ina goye. Sana'ata kamasho a tashar lorin Doka, kuma duk Gadarif ɗinmu ta nan Sudan an san ba a yi min wayo. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Tun damina Habboba ta fara faɗuwa. Ta tashi daga angareb, gadon igiyar nan namu, jiri ya kwashe ta, tim. Ta sunkuya ta ba awaki dusa, ta miƙe, tim. Ta uku saura kaɗan ta zauna a kan kaskon da ake gasa kisra, gurasar dawarmu. Labari ya kai wa Baffa Sale, ƙanin babana da ke aiki a Jidda. Ya aiko da takardun ziyara, ya ce in kawo ta a duba ta, ta yi umra. Sai ya ƙara da magana ɗaya: in ta warke ta dawo gida, in ba ta warke ba zama ya kama ta a wajensa, ba zai bar uwarsa tana faɗuwa a tsakar gida ba. Da na kashe wayar Habboba ta kama min hannu, riƙon da ban san tana da ƙarfinsa ba. Ta ce, "Kai ja'iri, kai za ka kai ni, kai za ka dawo da ni. Ɗakin nan aka kawo ni amarya, daga shi za a fitar da ni."

Na ce, "Haba Asabe, wa zai bar matarsa a hannun Larabawa?"

Sai maganar jaka. Kun san al'adarmu. In mutum ya kwanta, ba a zuwa dubiya hannu sake. Wani ya kawo lemo, wani sukari, wanda ya fi ƙaunarka kuwa ya kawo maka maganin da shi ya ji daɗinsa. Habboba hawan jini gare ta, kuma rabin tsofaffin unguwarmu shi gare su. Ƙawarta Tabawa ta kawo ja, wanda ɗanta ya aiko daga Masar. Matar liman ta kawo fari. Mai wanki ta kawo wani mai kwali shuɗi. Ga kuma nata na asali da aka rubuta mata a markaz, ɗakin shan magani na unguwa. Kowa ya dawo sai ya ce, "Hajja, kin sha nawa?" Ita kuwa ba ta ƙarya, ba ta kuma mayar da kyauta. Sai ta raba musu yini: na wance da hantsi, na wance bayan azahar. Duka a jakar leda ɗaya, ɗaure a bakin zani. Ni ina gani, kuma wallahi daɗi nake ji. Cewa nake matata masoya gare ta.

Muka hau bas ɗin Bur Sudan da sassafe. Kakan kakanmu ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je Makka, ya iso Gadarif ya ce bari ya huta ya noma dawar shekara ɗaya. Har yau hutun nan muke yi. Habboba ta ce yau za ta ƙarasa masa tafiyar. Ba mu kai Kasala ba ta fara tambayar kwandasta ko mun kusa teku. A Kasala muka sha jabana, gahawa mai citta, irin wadda in ka kurɓa sai ka ji kunnenka ya buɗe. Ta kwance jaka ta kora wani abu da ita.

"Na wa kika sha?"

"Na Tabawa. Ina ruwanka?"

Da muka fara gangara duwatsun nan na bayan Sinkat, hanya na murɗewa kamar igiya, wani ɗan ƙabilar Hadandawa da ke gefena ya yi barcinsa, ni kuwa na karanta duk surar da na sani har da waɗanda na manta. Habboba ta ce, "Mijin banza, kai da kake kwana cikin lori?" Na ce mata ni loda lori nake yi, ban taɓa cewa ina shiga ba.

A Sawakin aka ce jirgi gobe. Gobe ta zo aka ce gobe. Muka sauka a wata lokanda, masaukin matafiya, da ba komai cikinta sai angareb jere a tsakar gida da kuliyoyi. Kun ji ana cewa kuliyoyin Sawakin ba duka ne kuliyoyi ba. To Habboba ta ɗauki maganar da gaske. Na sayo mana soyayyen kifi, na je wanke hannu, na dawo na tarar ta miƙa wa wata baƙar kyanwa kifina tana cewa, "Bisimilla, baiwar Allah, mu baƙi ne." Nata kifin kuwa yana gabanta lafiya lau. Da na yi magana ta ce ai namiji shi ke karɓar baƙi.

A jirgi muka gamu da Abbakar mai turare, wanda ya ƙetare ruwan nan ya fi sau ɗari, in ji shi. Da ya ji asibiti za mu, ya jawo ni gefe. "Ya zol, ɗan'uwa, in ba ka shawara. In sun tura ku wajen saidali mai ba da magani, kada ka nuna masa maganin wani wuri. Ƙwacewa zai yi ya ce ba shi da kyau, don ya ba ka nasa." Na yi dariya na ce ni zai koya wa? Ni da na san ba a shiga shagon mai takalmi a nuna masa takalmin maƙwabcinsa. Muna cikin haka teku ta fara rawa. Wata mata 'yar Sinja ta ga Habboba ta yi laushi, ta ba ta ƙwayar amai. Ta sha ɗaya, sauran suka shiga jaka. Iyali sun ƙaru.

A tashar Jidda jami'in kaya ya buɗe gwangwanin daddawarmu. Bawan Allah, idonsa ya kawo ruwa, ya rufe da sauri yana salati. Ya ɗaga jakar leda, ya dube ta, ya dubi Habboba. "Hajja, ajzahana za ki buɗe, ki riƙa sayar da magani?" Ya kira wani suka jujjuya kwalayen, suka mayar mana. Na ce a raina, ka gani, idon kowa a kan jakar nan yake.

Gidan Baffa a hawa na huɗu yake. Sanyin na'ura kamar a kwana cikin tulu, ƙofa a rufe kullum, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Shinkafa da kaza, shinkafa da kaza, har na fara jin in na buɗe baki cara zan yi. Habboba ta tsaya a taga ta daɗe, ta ce, "Haruna, a nan in mutum ya mutu wa ke sani?"

Washegari Baffa ya kai mu mustausaf, wani ƙaramin asibiti na unguwa, ya ce wajen likitan iyali za mu fara. Habboba ta ce ita kaɗai ke ciwo, me ya kawo iyali? Aka ba mu lamba a takarda. Likita ya auna ta a zaune, ya auna ta a tsaye, ya ɓata fuska ya ce jininta ƙasa yake, ba sama ba. Ya ce me take sha? Na zaro kwali ɗaya tak, na markaz, na ajiye masa. Sauran suna bakin zani, na riga na ja mata kunne tun a mota. Ya ce wannan kaɗai bai isa ya yi haka ba. Ya rubuta gwaje-gwaje, ya ce mu shiga ɗaki na gaba wajen saidalaniya.

Na ce to, an zo wurin ciniki.

Ku saurara da kyau, nan kaina ya fara kwancewa. Mu a nan saidali, yani mai ba da magani, a bayan kanta yake, ko a bayan taga. Ka miƙa takarda, ya ja layi uku a kwali, ka tafi. In kana son ya ba ka abu ba takarda, ka kira shi dakta. Can kuwa ɗaki ne da ƙofa da kujerun jira, ana shiga ɗaya ɗaya. Na leƙa, ko kwali ɗaya ban gani ba. Tebur, kujera uku, na'urar awon jini, shi ke nan.

Na tambayi dattijon da ke gefena, ɗan Yaman, me ake yi a ciki. Ya rage murya. "'Yar rahoto ce. Ka gaya mata ka manta da magani, kafin ka kai ƙofa likita ya ji."

Wani Bamasare ya ce ba haka ba ne, likita ce da ba ta ƙarasa karatu ba, aka tausaya mata aka ba ta ɗaki.

Wata Hajiya, daga cikin Hausawan da aka haifa a can, ta juyo ta ce da Hausarta mai nauyi, "Ku ji tsoron Allah. Likita minti nawa yake ba ku? Wannan sai kun gaji kun tashi da kanku. Ni da za a bar ni, wajenta kaɗai zan riƙa zuwa."

Ɗan Yaman ya ce, "To ta taɓa ba ki magani?"

"A'a."

"Kin ji!"

Habboba ta karkato ta ce min, "Mai maganin da ba ta da magani, mece ce ita?" Na ce ta bar min, na san irinsu. Kayan na ciki, sai an shirya ake fito da su.

Muka shiga. Mace ce matashiya, da ta buɗe baki na ji Larabcin gida, ashe 'yar Madani ce. Ta tashi ta gaida Habboba hannu biyu, ta ce mata Yumma, wato Inna. Na ce a raina, dabarar 'yan kasuwa, mun san ta. Ta tambayi yaushe jirin ke zuwa, me take ci, sau nawa take tashi fitsari, wa ke ba ta magani. Sannan ta dube ni. "Bayan wannan, akwai wani abin da take sha? Ko na wani ne, ko na gargajiya?"

Na ce, "Wallahi..." sai na tuna rantsuwa, na janye. Na ce, "Babu."

Ta dubi Habboba. Habboba ta dubi rufin ɗaki.

Ta ce to, za ta yi magana da likita a rage mata wannan zuwa rabi, mu dawo bayan kwana uku da duk wani abu mai kama da magani da ke gidan. Muka fito ba ta sayar mana da komai ba. Na ce wa Habboba, "Kin ga? Na yi mata wayo." Amma a mota ina ta tunani, wane irin ɗan kasuwa ne zai ce ka rage sayen kayansa?

Habboba ta bi umarni, ta raba na markaz biyu. Na Tabawa da na matar liman kuwa ba a yi maganarsu ba, suka ci gaba da aiki. Tabawa ma har waya ta bugo daga Gadarif: "Kin sha nawa?"

Rana ta biyu bayan azahar ta tashi daga sallaya, sai muka ji ƙara. Ta bugi gefen tebur, goshi ya fashe. Ba babban rauni ba ne, amma jinin tsoho a kan farin mayafi ba abin kallo ba ne. Baffa ya ɗaure mata. Ya ce, "Shi ke nan. Haruna, kai ka koma. Gobe zan fara neman takardar zamanta." Aka kawo abinci Habboba ba ta taɓa ba. Na ce, "Asabe, in kika rame zan ƙara aure." Ko kallona ba ta yi ba. Tun da nake, ranar ce ta farko da na tsokane ta ba ta zage ni ba. Can ta ce, "A ba Tabawa awakin. Farar tana da ciki, kada a ɗaure ta a rana."

Jama'a, ni ban san mene ne a cikin jakar nan ba. Ban ce na gane komai ba. Abin da na sani kawai, mace ta tambaye ni abu na yi mata ƙarya, ga kuma goshi a fashe. Da safe na ce wa Baffa ya ba ni yini ɗaya. Na kwance jakar daga bakin zanin da hannuna.

Muka shiga, na zazzage ta a tebur. Na tsaya ina jiran faɗa. Saidalaniya ta dubi tulin, ta dubi goshin, ta dube ni. Abin da ta ce kawai, "Zauna, ya Haruna." Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ta ɗaga ja. "Yumma, wannan na wa?"

"Na Tabawa."

"Allah ya saka wa Tabawa. Wannan fa?"

"Matar liman."

Haka suka bi su ɗaya ɗaya, ita tana kiran sunan magani, Habboba na kiran sunan mutum. Ta jera huɗu a gefe guda: ja, fari, shuɗi, da na markaz. Ta juya bayan kwalayen ta nuna min wani ƙaramin rubutu. Iri ɗaya sak a duka huɗun. Ta ce magani ɗaya ne, kamfani ne daban, riga ce daban. Yani tun damina matata ke shan rabon mutum huɗu, jini na sauka har ya kasa kai wa kai in ta miƙe. Ƙwayar 'yar Sinja kuma tana ƙara mata jiri a kai.

Na ce, "To yanzu wanne za ki ba mu?"

"Babu."

"Na ciki fa?"

"Wane ciki?"

Ta kwashi kwalayen ta shiga ɗakin likita ko ƙwanƙwasawa ba ta yi sosai ba. Ta ƙofa na hango tana nuna masa, yana gyaɗa kai yana rubutu. Habboba ta ce, "Wai cikinsu wa ke gaba da wa?" Na ce ni ma yanzu ban san ko waye ni ba.

Da ta dawo ta ce ƙwaya ɗaya da safe, ta markaz, shi ke nan. Habboba ta gyara zama. "'Yata, ke ba ki san Tabawa ba. Mace ta tako har gida da abin da ɗanta ya aiko mata, in ce ba na so? Da wane ido zan kalle ta?"

Saidalaniya ta yi dariya ta ce uwarta a Madani haka take, jakarta ma ta fi wannan. "Ban ce ki mayar ba, Yumma. Ki karɓa, ki yi godiya, ki sa albarka. Haɗiyewa ce kawai ban yarda ba."

"In ta ce na sha?"

"Ki ce an rubuta miki irinsa sak, kuma shi kike sha kullum. Ƙarya ce?"

Habboba ta juya maganar. Ta ce, "Ba ƙarya ba ce." Sannan ta juyo gare ni, "Kai kuma, shashasha, mai wayon tasha." Alhamdu lillahi, zagi ya dawo.

Baffa bai sakko da sauƙi ba. Ya ce sati biyu, in ta faɗi ko sau ɗaya magana ta ƙare. Sati biyun nan na zama inuwarta. Ta tashi in tashi, ta yi tari in miƙe. A cikinsu muka je Makka, na kawo keken turawa ta ce in hau da kaina. Da ƙafarta ta yi ɗawafi, ni ne na nemi wurin zama. Ranar da kwanakin suka cika Baffa ya sa sharaɗi na ƙarshe: saidalaniya ta rubuta takarda a kai wa saidalin markaz ɗinmu, kuma duk wata a kai masa jaka ya duba. In aka tsallake wata ɗaya, Baffa zai zo da kansa ya ɗauke ta.

Mun dawo, farar akuya ta haifi biyu. Unguwa ta cika gidan. Aka ce ina maganin Saudiyya? Muka nuna kwalin markaz. Aka ce allura fa? Babu. Ƙarin ruwa? Babu. Mai wanki ta ce an cuce mu. Tabawa ta tausaya, ta kawo sabon kwali ja. Habboba ta karɓa hannu biyu, ta sa albarka har Tabawa ta yi ƙwalla, kwali ya shiga jaka.

Shekaranjiya muka kai takardar. Kun san saidalin markaz, dogon nan mai tabarau da muke kira Layi Uku. Shekara da shekaru ban taɓa ganin ƙafarsa ba, daga ƙirji zuwa sama na san shi. Habboba ta tura takarda ta taga, ta tura jaka. Ya karanta, ya zazzage, ya juya bayan kwalayen, ya jera huɗu a gefe guda. Daidai yadda aka jera su a Jidda.

Habboba ta riƙe baki. "Kai ma ka iya?"

Ya cire tabarau. "Hajja, duk zuwan da kike yi ina tambayarki ko kina shan wani abu. Me kike ce min?"

"Ina cewa ka ja layinka, rana na yi."

Ta tsaya tana kallonsa ta tagar nan kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta ce in je in samo kujera biyu. Na ce ta zauna a benci mana. Ta ce ba ita kaɗai ba, shi ma fitowa zai yi, ita ba ta ƙara yin maganar jininta ta taga. Ya fito kuwa. Jama'a, yana da ƙafafu.

Ni aka bari a tsaye da jaka a hannu, ina lissafin bas da kuliyoyi da teku da kaza, ga markaz ɗin nan ko raksha mai ƙafa uku ba a hawa daga gidanmu. Wanda ya gane ya same ni wajen Hajja Kaltume ya yi min bayani, amma don Allah ya bari in shanye tukuna.